Jim Mai Ɗigo Uku

Alhamis, 5 ga Oktoba, bayan La'asar

'Yata Marlina ta ce in riƙa rubutu, wai wata nas ta gaya mata yana rage damuwa. Ta sayo mini wannan littafi mai hoton mage a bango, sai ka ce 'yar firamare. To ga shi ina yi. Da Jawi nake rubutawa, daga dama zuwa hagu, na fara daga shafin da ita take ganin shi ne na ƙarshe. Ta leƙo ta ce, "Mak, addu'a kike kwafa?" Na ce eh. Ba addu'a ba ce, Malayancinmu ne da haruffan Larabci, yadda malamarmu Ustaza ta koya mana a ƙauye kafin a rushe shi a kwaso mu a jera a benayen unguwar Bedok. 'Ya'yana biyu, babu mai iya karanta shi.

Likita ya faɗi sunan abin da ya sami mijina, Abang Kasmuri, ranar Talata. Ba zan rubuta shi ba. Hannun dama da ƙafar dama sun daina jin maganarsa, baki ya karkace, magana ta tafi. A ƙofar banɗaki na same shi, buroshi yana hannunsa. Iya abin da zan ce ke nan.

Juma'a, 6 ga Oktoba, da hantsi

Wayarsa ba ta gane shi ba.

Irin wadda ake buɗewa da fuska ce. Marlina ta kai ta gabansa, ta ƙi. Ta sake, ta ƙi. Ta ce, "Abah, buɗe ido sosai. Abah, ɗan daidaita bakin." Ya daidaita baki! Da zai iya ai da ba asibiti muke ba. Sai ta juyo kaina, wai lambar sirri. Ni ina na sani? Wayar da ban taɓa ɗauka ba sai in zan goge teburin da take kai.

Komai na gidanmu yana cikinta. Ranar ganin likitana, katin asibiti, na'urar sanyaya ɗaki, har makullin ƙofa. Tunda ya yi ritaya daga kwastam bai da aiki sai sayen kayan latse-latse. Duk benenmu shi ke fara sayen sabon abu, ya kira maƙwabta su gani, ya yi musu bayani da Turanci ko da sun tambaye shi da Malayanci.

Na ga yana kallon wayar. Ƙyalle na musamman gare ta da yake shafa ta da shi kullum da safe. Na ji tausayinsa, amma ba kamar yadda ya kamata ba, kuma Allah ya sani.

Lahadi, 8 ga Oktoba, bayan Magariba

Talabijin ta ƙi kunnuwa. Rimot uku ne a kan tebur, na danna kowanne. Na haƙura na ci abinci shiru.

Talata, 10 ga Oktoba, bayan Azahar

Akwai wata yarinya 'yar Sin a asibitin, Mis Chua, aikinta koya wa irinsu magana. Tana da kirki, ba zan ɗauki alhakinta ba. Ta zo da wata babbar waya mai faɗin tire, ta nuna masa kalmomi da Turanci. Kofi. Gado. Ya kalla kawai. Ta juya zuwa Malayanci da rubutun boko. Ya kalla, ya ture abin da hannun hagu har ya kusa faɗuwa. Ta ce mana a hankali, yanzu dai karatu ba ya shiga, kuma ba ta san iya abin da yake fahimta ba.

Kasmuri ne ba ya karatu. Mutumin da yake baje jaridar Turanci a kan abincin safe, ya karanta mini da ƙarfi, ya fassara mini ko ban tambaya ba. In ya ga ina rubuta cefane sai ya ce, "Salbiah, tsutsotsinki sun fito yawo?" Haka yake kiran rubutuna, tsutsa. Alhali tare muka yi makarantar Ustaza, yana layin gaba, hannunsa ya fi na kowa kyau. Shi ya wuce makarantar Turawa, ni aka cire ni in yi renon ƙanne. Boko ina karantawa, amma da yatsa, kamar mai tsince tsakuwa a shinkafa.

Wata shekara ya sayo injin buga suna. Na dawo daga kasuwar Geylang na tarar ya ɓare duk salatif ɗin da na manna a kwalaben kicin, ya maye da fararen takardu na Turanci. A makon na zuba garin kwabin kek a miya. Ya yi ta ba wa baƙi labarin har Sallah. Na mayar da nawa rubutun a gindin kowace kwalba, inda ba ya dubawa.

Juma'a, 13 ga Oktoba, da yamma

Ɗana Hairul ya kira daga Perth, can ƙasar waje, fuskarsa cike da waya, bayansa rana tas. Ya gaishe ni da Malayanci, ya tambayi gwiwata, sai suka juya Turanci shi da yayarsa. Tun suna yara haka suke yi in ba sa so in ji, ubansu ya koya musu. Amma suna ba ya fassaruwa. Na ji Cempaka, na sake jin Cempaka.

Na ce, "Wace ce Cempaka?"

Hairul ya ce, "Mak, wuri ne mai kyau a Woodlands. Gidan jinyar tsofaffi. Akwai nas dare da rana, abincin halal, har da masallaci."

Na ce, "Abahnku gida zai dawo."

Marlina ta ce, "Mak, tsakani da Allah. Tukunyar shinkafa ba kya iya saukewa sai kin dafa bango. Wa zai ɗaga shi? Ni aiki nake, Hairul yana can."

Na ce, "Shekara nawa ina ɗaga shi ba ku gani ba?"

Hairul ya yi dariya, ya zaci wasa nake.

In suka kai shi can ba zai dawo ba, kowa ya san haka. Ni kuma a bar ni a bene na tara da ƙofar da ban iya buɗewa ba sai da lambar da Marlina ta rubuta mini a tafin hannu. Bai taɓa zama miji mai sauƙi ba. Amma nawa ne, ba a tambaye ni ba lokacin da aka ba ni shi, ba kuma za a ɗauke shi ba a tambaye ni ba.

Litinin, 16 ga Oktoba, da hantsi

Maƙwabciyata Kak Bedah ta ƙofar kusa da lif ta tare ni tana shanya. Nata mijin a gidan jinya irin Cempaka ya ƙarasa.

Ta ce, "Salbiah, ke wai kuka kike? Ni da na sami mai karɓar nawa tun yana da lafiya, ai da har tukuici zan ba su."

Na ce, "Kak, ki ji tsoron Allah."

Ta ce, "Ina jin tsoronsa, shi ya sa nake gaya miki gaskiya. Kin san abin kunyar? Ranar da aka kai shi na yi barci har rana ta fito. Rabon da in yi irinsa tun ina budurwa."

Na yi dariya, amma tun daga lif har tashar jirgin ƙasa raina a ɓace yake. Ita ce, ba ni ba.

Alhamis, 19 ga Oktoba, bayan La'asar

Marlina ta ɗauki hutu ta zo da manyan ledoji, wai a rage kaya "ko ma me za a yi". Na zauna ina kallon yadda take raba mu.

Tsofaffin wayoyin ubanta, kowace a kwalinta, ta ajiye. Igiyoyin caji cike da durowa da ba wanda ya san na mene ne, ta ajiye, wai ƙila a buƙata. Ƙamus ɗinsa na Turanci da lambar yabon kwastam, ta goge ta ɗora a kan kwaba. Kaset-kaset ɗina na karatun Ustaza, leda. Mujallun girki na Jawi da nake tarawa tun kafin a haife ta, leda. Ta ce, "Mak, ko rediyon da zai ci kaset ɗin babu. Girki kuwa duk yana waya."

Na ce, "Wayar wa?"

Ba ta ji ba, ko ta yi kamar ba ta ji ba. Da ta shiga wanka na janyo ledar na tura ƙarƙashin gado da ƙafa. A gidana ina satar kayana.

Asabar, 21 ga Oktoba, bayan Azahar

Bari in bi a hankali.

An yarda in riƙa kai masa bubur, shinkafa mai ruwa-ruwa, tunda na asibiti ba ya ci. Nakan dafa da yawa in zuba a robobi in sa a firji. Robobin iri ɗaya ne, farare masu shuɗin murfi, ba a ganin ciki, don haka nake manna salatif in rubuta na kaza ko na kifi. Yau da sauri na ɗauko biyu. Na ajiye a teburin gadonsa ina neman cokali a jaka.

Da na ɗago, ya karkata kai yana kallon murafen. Ya daɗe. Sai ya sa yatsa ya ture ɗaya zuwa bakin tebur, ya janyo ɗayar. Ta kaza ya janyo. Bubur na kifi bai taɓa so ba, ya ce ƙarni.

Na ce ƙila sa'a ce. Na juya masa baya, na sauya musu wuri, na sake ajiyewa. Ya sake kallo, ya sake ture ta kifi, wannan karon har da tsaki, ko abin da ya rage masa na tsaki. Kalmomin biyu a Jawi da haruffa iri ɗaya suke farawa, alif da ya, sai a ƙarshe suke rabuwa. Wanda bai karanta har ƙarshe ba ba zai bambance ba.

Na ce, "Abang, karantawa kake?"

Ya rufe ido. Na ba shi abincin, ya cinye. A jirgi na wuce tasharmu ban sani ba.

Lahadi, 22 ga Oktoba, da yamma

Na yage bayan takardar magani na rubuta masa kalmomi manya-manya. Ruwa. Zafi. Banɗaki. Na ce ina ruwa, ya nuna. Na ce ina zafi, ya nuna, ya kuma dafa kafaɗarsa ta dama. Kwana nawa kafaɗar nan tana ciwo ba wanda ya sani.

Shaiɗan ya zuga ni, na rubuta kalma ɗaya a ƙasa, na tura masa. Tsutsa.

Ya kalla. Rabin bakinsa ya ɗaga, wani sauti ya fito, na zaci dariya ce, na fara tawa. Ashe ba dariya ba ce. Na share masa fuska da gefen mayafina, ya kawar da kai. Na daɗe ina jiran wannan rana, da ta zo kuma ba ta yi daɗin da na zata ba.

Talata, 24 ga Oktoba, bayan Azahar

Na gaya wa Mis Chua a gaban Marlina. Marlina ta ce, "Mak, kin tabbata ba ke kike nuna masa da ido ba?"

Na ce, "To ki rufe mini idon."

Mis Chua ta sa na rubuta kalmomi a ƙananan takardu, ita ta rubuta ma'anarsu a baya, ta sa na fuskanci taga. Ina jinta tana cewa kofi, gado, hula, ina jin yatsansa yana buga tebur. Da na juyo fuskarta ta yi ja don murna. Ta ce ana samun haka, wani lokaci abin da mutum ya fara koya yana yaro shi ke tsira. Ta kawo ɗan farin allo da maka, wato alƙalamin rubutu a allo, ta ce ya gwada rubutu da hagu.

Marlina ta zauna a bakin gado tana kuka, tana cewa Abah, Abah. Na bar ta ta gama. Sannan na ce, tunda yana da hankalinsa, maganar Cempaka ba ta Hairul ba ce, ba tata ba ce, shi za a tambaya. Mis Chua ta ce gaskiya ne. An sa Talata mai zuwa, da likita da mai kula da walwalar marasa lafiya, Hairul zai shigo ta waya.

Na sayi ayaba soyayya a tasha na ci a tsaye kamar yarinya.

Juma'a, 27 ga Oktoba, da hantsi

Kalmarsa ta farko da hagu: hula. A karkace, amma ta karantu. Juma'a ce, ya sani. Na ɗauko baƙar hularsa daga jaka na sa masa.

Ta biyu ta zo da nas ta shigo za ta canja masa ƙunzugu. Na miƙe zan taimaka kamar kullum. Ya janyo allon, ya yi ta fama, nas tana jira. Ya juyo mini da shi. Fita.

Nas ta ce me ya ce. Na ce ya ce in sayo masa ruwa. Na tsaya a baranda har suka gama. Jikin da na sani tun ina 'yar sha tara, yau ni ake ɓoye wa, a buɗe wa 'yar mutane.

Talata, 31 ga Oktoba, bayan La'asar

An yi zaman. Ƙaramin ɗaki ne mai sanyi, sun turo shi a keke, hularsa a kai. Hairul yana cikin wayar Marlina, an jingina ta da kwalbar ruwa. Matar walwala ta yi masa bayani da Malayanci a hankali, gida ga yadda zai kasance, Cempaka ga yadda zai kasance, har da hotuna. Ta ce, "Encik Kasmuri, ina kake so?"

Ya ɗauki makar. Ya daɗe ƙwarai. Ƙarar makar kawai ake ji a kan allo. Da ya gama bai ba ni ba, ya tura tsakiyar tebur. Suka kalla, suka kalle ni, don ba wanda zai karanta sai ni.

Na ce, "Ya ce gida."

Marlina ta matso da kai. Ta yi saukar Alƙur'ani, ta san baƙaƙen Larabci in da wasali. Ta ce, "Mak, gida a Malayanci ba da ra yake farawa ba? Wannan kamar jim."

Na ce, "Hannun hagu ne. Ke gwada rubutu da hagu ki gani."

Na goge allon da gefen mayafina. Likita ya ce to, za a shirya, a kawo gadon asibiti gida, nas za ta riƙa leƙowa. Hairul ya ce, "Mak ta ci zaɓe." Aka yi dariya.

Abang ya buga hannun keken da tafinsa. Matar walwala ta ce, "Ga shi, ya ƙosa ya tafi." Bai kalle ni ba har aka fitar da shi.

Laraba, 1 ga Nuwamba, bayan Asuba

Tawadar ba ta fita daga mayafin ba.

Litinin, 6 ga Nuwamba, da yamma

Ya dawo. An sa gadon a falo, kusa da taga. Kak Bedah ta kawo kek, ta tsaya a ƙofa ta ce, "Abang Muri, barka da dawowa. Yanzu dai Salbiah za ta sami damar yin magana a gidan nan." Bai motsa ba. Na raka ta da sauri.

Na dafa na kaza. Ya ci cokali kaɗan ya juya fuska bango.

Alhamis, 9 ga Nuwamba, bayan Azahar

Kullum da safe abu ɗaya. In na gama goge masa jiki, sai ya miƙa hannu, in ba shi allo, ya rubuta, ya juyo mini da shi, ya riƙe har sai na kalla. In goge kafin nas ta zo. Gobe ya sake. Hannun yana ta ƙara kyau, abin haushi, ya kusa komawa na yaron layin gaba.

Ba wanda zai karanta littafin nan, me nake ɓoyewa. Jim ne mai ɗigo uku, harafin da babu a Larabci, mu muke ce masa ca. Sai mim, sai fa mai ɗigo uku, sai alif, sai kaf. Cempaka. Abin da ya rubuta a ɗakin nan mai sanyi ke nan, shi yake rubutawa har yau.

Na yi masa faɗa yau, ban taɓa ba. Na ce, "Abang, ni na gano kana nan a ciki. Ba likita ba, ba 'ya'yanka masu Turanci ba, ba wayarka ba. Ni. Da na buɗe maka baki, abin da za ka fara nema shi ne ka rabu da ni?" Ya kalli silin. Na ce, "Ka gwammace baƙi su wanke ka da a ce Salbiah mai tsutsa ce bakinka." Ya ɗaga allon, ba komai a kai, na riga na goge, amma ya riƙe shi a gabana haka nan.

Duk zamanmu shi ke yanke magana, ni in ji. Sau ɗaya tak na yanke.

Lahadi, 12 ga Nuwamba, da hantsi

Daga keke zuwa kujerar wanka taku ɗaya ne. Nas ta nuna mini yadda ake yi, in rungume shi, in juya da ƙugu. Yau gwiwata ta hagu ta ce ba ta san zancen ba. Muka zube tare a kan tayil, shi a kaina. Kansa bai bugu ba, alhamdu lillahi, kafaɗata ce ta tare. Mun jima a haka, ruwa yana zuba, ina jin numfashinsa a wuyana. Da jan gindi na kai ƙofa na kira Kak Bedah, ta kira ɗan maƙwabta, aka ɗaga shi. Na roƙe ta kada Marlina ta ji. Ta kalle ni, yau ba ta yi barkwanci ba.

Da na shirya shi ya nemi allo. Kalmar nan ce dai. Amma ya ƙara wata a ƙasanta, ƙarama. Gwiwa.

Ba tasa ce ke ciwo ba. Ban tambaye shi me yake nufi ba, na goge duka biyun na shiga kicin na buɗe famfo.

Laraba, 15 ga Nuwamba, bayan La'asar

Da ya faɗa tun farko cewa don gwiwata ne. Da ya rubuta ta biyun kafin ta farkon. Ko ciwo bai koya masa yadda ake yi mini magana ba.

Asabar, 18 ga Nuwamba, bayan Magariba

Marlina ta wuni a nan. Da la'asar na fito daga kicin da shayi na same ta zaune a bakin gadonsa, allon yana kan cinyarta. Ban goge da wuri ba ke nan, ko ya sake rubutawa.

Ta ce, "Mak, duk sanda kika shiga ciki Abah sai ya rubuta mini wannan, ya yi ta kallona. Na so in ɗauki hoto in tura wa ustaz na masallacinmu ya karanta mini. Sai na ga rashin kunya ne, ina da uwa mai iyawa in je wurin bare." Ta kama hannuna. "Ki koya mini, Mak. Ina so in ji Abah da kaina. Ki yafe mini maganar mujallun nan."

Ban san sanda na ajiye tiren ba. Na ce, "Sai mu fara daga alif."

Ta ce, "Ai na san alif, Mak. Masu ɗigo ukun nan ne ban sani ba." Ta ɗora yatsa a harafin farko. "Wannan mai kama da jim, ya ake kiransa?"

Abang ya juyo da kansa. Rabon da ya kalle ni ido cikin ido tun ranar zaman nan. Bai buga komai ba, bai yi sauti ba, kallona kawai yake. Zan iya cewa ra ne da hannu ya karkace. Zan iya cewa shayi zai huce. Ta yarda da ni, duk abin da na ce shi za ta rubuta.

Na ce, "Ca."

Ta ce, "Ca," ta danna a wayarta. Ta nuna na ukun, na ce mata wannan sai gobe, na gaji. Ta sumbaci hannuna, ta sumbaci goshin ubanta, ta ce gobe da wuri za ta zo. Yarinya ce mai kai, ba za ta kai gobe ba, a cikin jirgi za ta haɗa sauran.

Bayan ta tafi na leƙa wurin Kak Bedah na tambaye ta me ake kai wa mutum a Cempaka. Ta ce riguna masu maɓalli a gaba, zannuwa, silifa mai kama ƙafa, kuma a rubuta suna a wuyan kowace riga, in ba haka ba wanki zai haɗe da na wasu. Ba ta tambaye ni komai ba, ta ba ni aron makar da ba ta fita a ruwa.

Na kwaso rigunansa na zauna a ƙasa kusa da gadon, yana kallona. Da boko nake rubutawa, don su can su iya karantawa. Hannuna bai saba ba, harafin farkon sai fitowa yake a karkace. Na gama huɗu, saura na cikin kwandon wanki.